Yaushe Za A Yi Wa Amarya Juye?

Ku matso nan 'yan uwa, ku gyara zama, zancen yau na cikin gida ne. Ɗaya daga cikinmu ya shigo da sabuwar Hilux, fara tas, ko ledar kujeru bai yarda an cire ba, kuma duk wanda ya leƙa kai ciki sai ya lumshe ido saboda ƙamshin nan na sabon abu. Mun yi masa barka, mun ce Allah ya tsare, Allah ya sa a kashe lafiya, har mun raɗa mata suna amarya, shi kuma ya zama ango ko ya so ko bai so ba. Sai da hayaniya ta lafa ya rage murya ya ce, "Don Allah ku gaya mini tsakani da Allah, yaushe zan yi mata juye?" Kai jama'a, ashe kowa yana yawo da amsarsa a aljihu! Wannan ya ce duk ƙarshen wata, ranar da albashi ya shigo. Wancan ya ce a'a, sai baƙin mai ya yi baƙi ƙirin. Na gefe ya zaro waya, wai ɗan yayarsa da ke Amurka sau ɗaya yake yi a shekara. Ango ya dubi wannan ya dubi wancan, ya rasa wa zai kama, mu kuma muka tuntsire da dariya har da riƙe ciki.

Amma fa mun san abin da ke ransa, ko ba haka ba? Kuɗin irin wannan mota gumin shekaru ne, wani sai da ya rabu da fili, wani ya haɗa ribar damina da ta rani kafin makullin ya shigo hannunsa. Tsoro biyu ne suka sa shi a tsakiya: kada ya yi sakaci inji ya buga, kada kuma ya riƙa zubar da kuɗi a ramin gareji ba gaira ba dalili. Kuma duka biyun suna da tushe, don mai injin dizal na yanzu, 2.4 ko 2.8, tana shan mai sama da lita 7 a juye ɗaya, mai fetur 2.7 kuma kusan lita 6, ga farashin galan ɗin mai na kirki yadda ya koma. Wayyo, ai dole murya ta yi rawa.

Mu leƙa can ciki tukuna, inda ido ba ya gani. Ƙarfe ne yake gudu a jikin ƙarfe, sau dubbai a minti ɗaya, kuma abin da ya hana su cin juna ɗan siririn shafin mai ne wanda bai kai kaurin gashi ba. Man nan shi ke kwashe zafi daga fistin, shi ke wanke datti ya kai wa filta, shi ke hana tsatsa. Kuma ba zallan mai ba ne a cikin galan ɗin, akwai sinadarai da aka zuba masa: wasu suna riƙe kunkunniya kada ta dunƙule, wasu suna kashe asid, wasu suna manne wa ƙarfe su yi masa riga. Su waɗannan ƙarewa suke yi a hankali, kullum ana cin su. Shi ya sa za ka duba ka ga mai a cike yake bai ragu ba, alhali ƙarfinsa ya tafi tuni. Abin da ake canzawa ke nan a ranar juye, ƙarfin da ya ƙare da dattin da ya taru, ba wai don man ya yi kaɗan ba. Kun ga inda ake yi mana sata da rana tsaka, muna kallo muna murmushi?

Akwai kuma wani abu da yake sa mu sakin jiki, sunan da motar ta yi. Tun 1968 ake ƙera Hilux, kuma duk inda hanya ta ƙare ita ce take ci gaba, daga gonakin Saminaka har rairayin da ke bayan Agadas. A 1987 sojojin Chadi da ita da yayarta Land Cruiser suka fatattaki tankokin Libiya, har yaƙin ya ci suna Yaƙin Toyota. To idan mutum ya taso yana jin wannan, sai ya ɗauka ko ruwan rijiya aka zuba mata za ta tashi. Mutanena, waɗancan injina ne na da, masu sauƙin sha'ani, masu haƙuri. Na yanzu sun fi ƙarfi, sun fi tsimin mai, amma sun fi son a kula da su. Mai dizal tana da turbo da ke juyawa sama da sau 100,000 a minti, kuma a kan baƙin mai yake shawagi. Mai fetur tana da na'urar VVT-i wadda da matsin mai take aiki, ta wasu 'yan ƙananan hanyoyi da datti kaɗan ke toshewa. Dukansu biyu sarƙa ce ke haɗa sama da ƙasan inji, ita ma a cikin mai take wanka. Amaryar zamani ce dai, sai da lallashi, hahaha.

Yanzu mu koma kan ɗan yayarmu na Amurka, don gaskiya ya faɗa, ba ƙarya ya yi ba. A can, shekaru da yawa, ƙa'idar da kowa ya haddace ita ce mil 3,000, kusan kilomita 4,800. Da mai ya inganta, injina suka inganta, sai kamfanoni suka tsawaita. Toyota ta ce yawancin motocinta masu shan man sintetik 0W-20 su kai mil 10,000 ko shekara ɗaya, wato wajen kilomita 16,000. Ford F-150, wadda danginta suka fi kowace a-kori-kura kasuwa a Amurka tun 1977, kwamfuta ce a cikinta take lissafin zafin inji da irin tuƙin da ake yi, ta rubuto maka a gaban sitiyari cewa lokaci ya yi, ita ma ba ta wuce shekara ko mil 10,000. General Motors tun 1988 ta fara sa irin wannan na'ura. Sai dai ku lura, Hilux ko sayar da ita ba a yi a Amurka, Tacoma ce ta gaje ta tun 1995. A Ostiraliya kuwa, inda Hilux take gida kuma akwai zafi da ƙura irin namu, wata 6 ko kilomita 10,000 Toyota ta yanka mata. Kun ji har an fara saukowa ko? Kuma a kiyaye, mil daban kilomita daban, kada a ji "dubu goma" a waya a ɗauko ta a dasa a inda ba gurinta ba.

To ga inda daɗin yake. Ango, buɗe aljihun gaban nan ka ciro littafin motar, wanda na tabbata har yanzu yana cikin ledarsa, a'a kada ka ji kunya, dukanmu haka muke ajiye shi. A shafin sabis za ka tarar da jadawali iri biyu. Na farko na wanda yake tuƙi a hanya mai kyau, iska mai tsabta, kaya daidai misali. Na biyu na motar da take shan wahala, kuma sun lissafo abin da suke nufi da wahala: tafiya a hanyar ƙasa ko mai ƙura, ɗaukar kaya masu nauyi ko jan tirela, barin inji yana aiki a tsaye na dogon lokaci, rarrafe a cunkoso, da gajerun tafiye-tafiye waɗanda inji ba ya samun ɗumama sosai. Da aka karanto mana wannan a majalisa shiru muka yi, sai wani ya ce, "To ai wannan Litinin ɗina ce suka rubuta!" Wallahi kuwa. Abin da Japanawa suka kira wahala ta musamman, shi ne rayuwarmu ta kullum, kuma ga mai irin wannan rayuwa galibi rabi suke raba adadin, 10,000 ta dawo 5,000. Ashe amsar tana kwance a cikin motar tun ranar da aka kawo ta, mu muna ta musu a waje, hahaha.

Bari mu ɗan zauna a kan ƙurar nan, don ita ce babbar kishiyar inji a ƙasarmu. Daga Nuwamba zuwa Maris, idan hunturu ya buso, ƙurar da ke tasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi takan rufe sama har rana ta koma fara, ka wanke mota da safe kafin azahar yara sun rubuta sunayensu a gilashi. Inji kuwa numfashi yake yi, kowace lita ta fetur sai ya haɗa ta da iska lita dubbai kafin ya ƙona. Filtar iska tana tare mafi yawa, amma mai laushin nan, wadda ke shiga hanci ta sa mu tari, wata takan sulale ta wuce, ta gangara ta jikin fistin ta faɗa cikin mai. Garin yashi ne fa, ya fi ƙarfen inji tauri. Idan ya taru, man da aka zuba don ya hana gogayya shi ne zai koma yana yawo da abin da ke cinye ƙarfe. Ka tuna hanyar gonarku da rani, ka bi bayan wata babbar mota ba ka ganin ko fitilarta, haƙoranka suna ƙas-ƙas da yashi. Duk abin nan da kake ji a baki, ita ma tana haɗiya. Allah sarki amarya.

Sai kaya. Wa ya sayi a-kori-kura don ya ɗauki jakar hannu? Buhunan masara ne daga ƙauye zuwa Dawanau, taki ne, siminti ne, ran kasuwa har da bijimi da mai shi. Inji mai jan nauyi zafinsa ya fi, ga watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri zafi ya haura 40 a ma'auni tun kafin a tayar da mota. Masana man inji suna da wani ƙiyasi da suka daɗe suna aiki da shi: duk ƙarin zafi na digiri 10, saurin lalacewar mai yana ninkawa. Sannan ga ɗabi'armu ta zama cikin mota da esi a kunne, ana jiran Hajiya ta fito daga gidan biki, ta ce minti biyar, kun dai san minti biyar ɗin gidan biki. Agogon kilomita yana tsaye cik, amma inji yana ta aiki, mai yana ta tsufa. Ford takan lissafa wa manyan motocinta masu dizal cewa awa ɗaya ta inji a tsaye daidai take da tafiyar mil 25, kilomita 40 ke nan. Ku lissafa bikin bana kaɗai, ai mun je Zariya mun dawo ba mu motsa daga ƙofar gida ba, hahaha.

Masu dizal, akwai taku ta daban. Dizal yana ɗauke da sulfa, farar wutar nan, idan ta ƙone ta haɗu da danshi sai ta zama asid a cikin baƙin mai. Shekaru da dama dokar Najeriya ta yarda dizal ya ɗauki sulfa har kashi 3,000 cikin miliyan, alhali Turai tun 2009 ta tsaya a kan 10. A 2016 wata ƙungiya ta ƙasar Suwizalan mai suna Public Eye ta fitar da rahoto kan irin man da ake turo wa Afirka ta Yamma, aka yi ta ce-ce-ku-ce, a 2020 ƙasashen ECOWAS suka amince a sauko zuwa 50, sannan a 2024 matatar Dangote ta fara fitar da nata dizal ɗin. Alhamdu lillahi, ana samun ci gaba. Amma wanda dare ya yi masa a ƙauye ya sayi jarka biyu a bakin hanya, babu takarda a jikin jarkar da za ta gaya masa abin da ke ciki. Wannan ma dalili ne na kada a ja juye da nisa.

To ni dai ga tawa, kuma da zuciya ɗaya nake faɗa muku. Sabuwar a-kori-kura a ƙasar nan, kilomita 5,000 ko wata 6, duk wanda ya riga zuwa. Idan mai dizal ce kuma aikin gona ko na kwangila take yi kullum, ana hunturu, ana lodi, to ko kilomita ba su cika ba, wata 3 zuwa 4 ya isa a leƙa gareji. Wanda kuma tafiyarsa ta kwalta ce zalla, doguwa, ba kaya, yana zuba sintetik na asali, yana shan mai a gidan mai da ya yarda da shi, zai iya matsawa zuwa abin da littafinsa ya yarda, amma kada ya tsallake 10,000 ko da wa ya ba shi shawara. Kada 5,000 ta yi muku kama da nisa, Kano zuwa Abuja da dawowa ya haura kilomita 800, zuwa shida ya cinye ta. Shi kuma mutuminmu na ƙarshen wata, wanda daga gida sai ofis sai masallaci, ko kilomita 1,000 bai yi ba ya zubar da man da ko gajiya bai fara ba, rabin raina, riƙe kuɗinka ka saya wa yara nama. Sai Alhajinmu da ya lulluɓe tasa da tampol, sai ranar Juma'a da ranar salla take ganin titi, yana cewa ai ba ta yi tafiya ba. Alhajina, mai yana tsufa ko a tsaye, danshi yana taruwa a ciki, 'yar gajeriyar tafiya kuma ba ta isa ta ƙone shi. Wata 6 ɗin nan saboda kai aka rubuta ta, kuma ka fito da ita ta sha iska mana, mu ma mu ɗana.

Juyen farko shi ne wanda ya fi tayar da musu. Sabon inji sassansa suna kan sabawa da juna, ringi yana zama a mazauninsa, kuma a wannan lokaci ɗan garin ƙarfe yakan fita fiye da na kullum. Injinan yanzu ana gyare su sumul tun daga masana'anta, filta kuma tana kama abin da ya fita, shi ya sa yawancin kamfanoni ba su wajabta juye da wuri ba, dillalai dai sukan kira ka a duba motar idan ta kai kilomita 1,000. Ni kuwa, idan littafi bai hana ba, ina son a juye a wannan zuwan, ko a 1,500. Kuɗin galan biyu ne da filta a kan motar miliyoyi, kuma barcin da mutum zai yi a daren ya fi kuɗin. Kafin nan a bi ta a sannu, yadda Toyota ta nema: kilomita 300 na farko ban da taka burki da ƙarfi, 800 na farko ban da jan tirela, 1,000 na farko ban da gudun wuce sa'a da fizgar totur, kuma kada a daɗe a kan gudu iri ɗaya. Na san ƙafa tana ƙaiƙayi, ango, kowa ya san daɗin sabuwar mota a hanyar da babu kowa, amma a daure, a daure dai.

Shi kuma mai jiran mai ya yi baƙi, zo nan kusa in raɗa maka. Injin dizal, yau ka zuba sabon mai ruwan zuma, ka je unguwa ka dawo, ka duba za ka gan shi ya fara duhu. Kunkunniya ce, kuma riƙe ta da man ya yi alama ce ta yana aikinsa. Mai fetur kuma zai iya zama garau a ido alhali ya gaji. Launi ba agogo ba ne. Amma duba mai da kansa, wannan kam kada a bari, kuma ni har daɗinsa nake ji. Ka tsayar da mota a wuri mai daidai, ka kashe inji, ka ba shi kamar minti biyar man ya gangaro. Ka ɗaga bonet, ɗumin nan ya bugi fuskarka, ka zaro sandar awo mai kan rawaya, wadda bakanike ke kira geji, ka share ta da farin tsumma, ka mayar har ƙarshe, ka sake zarowa. Ka karkata ta wajen haske: man ya tsaya tsakanin ɗigo biyun nan, kada ya gaza na ƙasa, kada ya haure na sama. Ka ɗan lakato a yatsa ka murza, ya kamata ka ji santsi, ba ƙasa-ƙasa ba. Ka kai hanci. Idan warin fetur ko dizal ya yi ƙarfi, ko ka ga mai yana ƙaruwa da kansa ba ka ƙara ba, to man tanki yana zurarowa ciki. Idan ya koma launin shayi da madara, ruwa ya shiga, kada a ƙara ko taku ɗaya sai an ga bakanike. Sabon inji yakan ɗan sha mai a farko, don haka duk mako biyu a leƙa. Ita kuma jar fitilar nan mai siffar buta, idan ta kama ana cikin tafiya, ba tunin juye take yi maka ba, cewa take matsin mai ya faɗi. A gangara gefe a kashe inji nan take, ko da ana hango gida. Allah ya kiyaye mu da ganinta, amin.

Wane mai za a zuba? Nan ne za mu ɗan saɓa da Baba bakanike, duk da muna ƙaunarsa. Shi ya koyi aiki a kan Peugeot 504, a-kori-kurar iyayenmu da aka riƙa haɗawa a Kaduna, a masana'antar da ta fara aiki a 1975, kuma a wurinsa mai idan bai yi kauri ba ruwa ne. Zai murza 5W-30 a yatsa ya girgiza kai ya ce, "Alhaji, wannan ba zai jure zafinmu ba, a kawo 20W-50." Ka ce masa, "Baba, a yi haƙuri, wannan yarinyar ba irin waccan ba ce." Ratar da ke tsakanin sassan sabon inji 'yar mitsitsiya ce, mai kauri yana jinkirin isa sama idan an tayar da safe, kuma a waɗannan daƙiƙu na farko inji ya fi cin kansa. Littafin yana da shafi mai nuna kaurin da ya dace da zafin kowace ƙasa, a bi shi. A duba bayan galan kuma, akwai haruffan API: masu farawa da S na fetur ne, irin SN da SP, masu farawa da C na dizal, irin CI-4 da CK-4. Wanda tasa ta zo da matatar hayaƙi da ake kira DPF, kamar waɗanda aka yi wa Turai, nata man daban ne, mai ƙarancin toka, za ka ga an rubuta ACEA C2, idan aka zuba mata wani matatar za ta toshe. Baba zai yi gunaguni kaɗan, amma idan ka kawo masa goro zai huce, hahaha.

Babban abin da ke hana ni sukuni shi ne jabu. Hukumar SON ta sha kama jabun baƙin mai a kasuwanninmu, galan mai kyau, tambari mai sheƙi, ciki kuwa mai ne tsura ba sinadari, wani ma tsoho ne aka tace. Irin wannan ko kowane mako kake juyewa cutar tana nan. A saya a gidan mai ko wurin dillalin da aka sani, a duba hatimin murfi da ido, a buɗe a gabanka, kuma idan an gama a huda galan ɗin da wuƙa kafin a bar shi, don kada gobe a cika shi da wani abu a sayar wa ɗan'uwanka. Filtar mai ita ma a canza ta duk juye, ta asali, don tsohuwa tana riƙe da dattin jiya. Ka tsaya a wurin, ba don rashin yarda ba, don ka gani da idonka: a juye da ɗumin inji, a bari ya tsiyaye sosai, a shafa ɗan mai a robar sabuwar filta, a sa sabuwar washa a ƙusar ƙasa, kada yaron gareji ya hau sifana da ƙafa wai yana ɗaurewa. A buɗe filtar iska a gabanka, musamman da hunturu. Idan za a busa ta, a busa daga ciki zuwa waje a hankali, ba a wanke ta takarda da ruwa, idan ta yage ko ta toshe a sa sabuwa. Mai turbo kuma, idan ka sha doguwar hanya da gudu ko ka hau tudu da kaya, ka bar inji ya yi kamar minti ɗaya a tsaye kafin ka kashe, man ya zagaya ya sanyaya shi. Minti ɗaya dai, kafin ka nemo hularka a kujerar baya ya cika.

Tsohon man da aka juye fa, kada mu bari a tuttular a kwata. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ce man juye ɗaya zai iya ɓata ruwan sha galan miliyan 1, mu kuma rijiyoyinmu da burtsatsenmu a cikin unguwa suke. A zuba a jarka a rufe, a bar wa masu tarawa. Kuma don Allah a daina shafa wa dabbobi a kan ƙaswa ko gyambo, yana ɗauke da guba, ko hannunmu ya taɓa a wanke da sabulu.

Saura rubutu, don ƙwaƙwalwa ba abin dogaro ba ce a wannan harka, yau ka ce watan jiya aka yi, ashe tun kafin azumi ne. Ɗan ƙaramin littafi a aljihun gaba ya isa: kwanan wata, kilomita, sunan mai, da adadin da za a sake komawa. Wasu sukan manna 'yar takarda a jikin ƙofa, hakan ma ya yi. Mai direba ya riƙa duba littafin tare da shi, cikin mutunci, wani lokaci ma su je garejin tare. Rasit kuwa kada a yar da ko ɗaya, don idan wani abu ya taso a cikin lokacin garanti shi dillali zai fara tambaya, kuma ranar da za a sayar da motar, mai saye idan ya ga tarihin juye a jere ba ya iya taya ta da wulaƙanci. Inda za a ajiye su ne matsala, mu da aljihunmu ke tafiya wurin wanki da komai a ciki. Ni shawarata a miƙa wa uwargida. Ita da har yau katin rigakafin ɗanmu na fari yana nan a ƙasan akwatinta cikin leda, yaron da yanzu ya fara gemu, ai rasit ɗin baƙin mai ba zai gagare ta ba, hahaha.